Gihren, Dessler ko Rudolf: Wanne Za a Fara Kallo Cikin Azzaluman Sojan Anime?

Duk wanda ya ƙudiri niyyar kallon ƙagaggen labarin kimiyya a cikin anime, wato zanen katun na ƙasar Japan, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne mugun soja mai mulkin kama-karya, irin wanda masu kallo suke kira bos, to akwai mutum uku da nake ganin sun isa a tsaya a kansu kafin a kashe data da lokaci. Akwai Dessler na Space Battleship Yamato, akwai Gihren Zabi na Mobile Suit Gundam, sannan akwai Rudolf von Goldenbaum na Legend of the Galactic Heroes. Dukkansu sojoji ne da suka mayar da ƙasa mallakarsu, kuma kowannensu da yadin tarihin Jamus aka ɗinka masa riga, amma abin da mai kallo zai tashi da shi daga wajen kowanne ya sha bamban, haka nan sa'o'in da kowanne zai ci masa. Ba yadda za a yi a auna waɗannan mutane ba tare da an tona ƙarshen labarinsu ba, saboda haka wanda ba ya son a ɓata masa kallo sai ya yi hattara daga nan.

Dessler ne ya riga sauran fitowa. An fara nuna Yamato a talabijin ɗin Japan a watan Oktoba na 1974, aka kammala a Maris na 1975 da kashi 26. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2199, lokacin da daular Gamilas ta yi wa duniyarmu ruwan bama-bamai masu gubar nukiliya har tekuna suka ƙafe, mutane suka koma zama a ƙarƙashin ƙasa, saura shekara ɗaya gubar ta cim musu. Sai saƙo ya zo daga wata duniya mai suna Iscandar, wadda nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 148,000, cewa akwai na'urar da za ta wanke gubar idan za a iya zuwa a ɗauko. Jirgin Yamato shi ne ya kama hanya, Dessler kuma shi ne shugaban da ya yi rantsuwar ba zai bar shi ya isa ba.

Abin da ya sa Dessler ya shiga ran masu kallo shi ne ƙasaita. Mutum ne mai shuɗiyar fata da gashi ruwan zinare, kullum cikin alkyabba, kofi a hannu, yana magana a hankali kamar wanda ba abin da ke gabansa. A kashi na 11 akwai wani zama da ya yi da hafsoshinsa, inda ɗaya daga cikinsu ya saki baki da wata irin dariya da zancen banza. Dessler bai ɗaga murya ba, bai ko canja fuska ba, ya dai taɓa wani maɓalli, daɓen da ke ƙarƙashin mutumin ya buɗe ya haɗiye shi, sannan ya nuna cewa daularsa ba ta da bukatar mutum marar kamun kai. A cikin wannan kashin ne kuma, bayan mutanen Yamato sun kawar da nakiyoyin da ya shimfiɗa musu a hanya da hannuwansu, ya aika musu da saƙon taya murna. Wannan shi ne Dessler gaba ɗayansa: kisa da ladabi a faranti guda. Kusa da ƙarshe, da yaƙi ya iso har gida kuma garuruwansa suka fara rushewa, mataimakinsa Hiss ya roƙe shi da ya nemi sulhu, shi kuwa ya harbe shi nan take.

Sai dai labarin ya ba shi uzurin da ya sassauta masa. Duniyar Gamilas tana mutuwa, Dessler kuwa yana neman inda zai kai jama'arsa ne, don haka mai kallo yakan fara ganinsa a matsayin uban gida da wuta ta ci wa ɗaki. Daga nan masu shirin suka ci gaba da wanke shi. A zango na biyu, wanda aka nuna daga 1978 zuwa 1979, ya samu damar kashe jarumin labarin, Susumu Kodai, amma da ya ga yadda masoyiyar Kodai, Yuki, ta kare shi da jikinta sai ya sauke bindiga ya juya. A shirye-shiryen da suka biyo baya har ya zama abokin Yamato, suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa. Ga mai neman nishaɗi wannan abin daɗi ne, domin ba abin da ya kai ganin tsohon maƙiyi ya dawo ɗan'uwa armashi. Ni dai abin yana tsaya mini a wuya, saboda mutumin da ya ƙone duniya guda da gangan bai kamata a sallame shi da musabaha ba, kuma labarin bai taɓa zaunar da shi ya biya wannan bashin yadda ya kamata ba.

Gihren Zabi ya zo bayansa da shekara biyar. An fara Mobile Suit Gundam a ranar 7 ga Afrilu 1979 ƙarƙashin jagorancin Yoshiyuki Tomino, kuma saboda bai samu karɓuwa ba a lokacin aka datse shi a kashi 43 maimakon 52 da aka tsara. A nan babu wasu halittu daga wata duniya, mutane ne ke yaƙar mutane. An kwashe yawancin 'yan Adam an kai su manyan matsugunai da aka gina a sararin samaniya, gwamnatin tarayyar duniya kuwa tana mulkinsu daga ƙasa. Rukunin matsugunan da ya fi kowane nisa, wanda ake kira Side 3, ya ayyana kansa a matsayin masarautar Zeon ya kuma ɗaura yaƙin neman 'yanci a shekarar 0079 ta kalandar labarin. Tun a buɗewar shirin ake sanar da mai kallo cewa cikin wata guda na farko kowane ɓangare ya rasa rabin jama'arsa, ana kuma nuna wani matsuguni sukutum yana faɗowa kan birni, wanda shirye-shiryen baya suka tabbatar da cewa Sydney ce ta Ostareliya.

Koken mutanen Zeon yana da tushe, kuma nan ne ƙarfin labarin yake. Wanda ya assasa fafutukar, Zeon Zum Deikun, ya rasu a wani yanayi mai cike da tuhuma, na hannun damansa Degwin Zabi ya gaje kujerar, ya raba wa 'ya'yansa rundunoni kamar gadon gona: Dozle da Kycilia kowanne da tasa, autansu Garma yana riƙe da dakarun da ke Amurka ta Arewa, babban ɗa Gihren kuwa shi ne kwamandan kowa. Kafin labarin ya fara, tsohon ya riga ya zama sarkin suna kawai, ainihin iko yana hannun ɗansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan ɗan ya wuce uban nesa ba kusa ba.

Wurin da ya kamata a kalli Gihren da kyau shi ne jana'izar Garma a kashi na 12. An kashe yaron ne ta hanyar cin amanar abokinsa Char Aznable, wanda a ɓoye ɗan Deikun ne mai neman fansa. Da labari ya iso wa Degwin sandarsa ce ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi, kuma abin da ya so shi ne a yi makoki na iyali cikin natsuwa. Gihren ya ƙi. Ya sa aka kafa makeken hoton mamacin, aka tara jama'a, aka watsa taron har zuwa ƙasar abokan gaba, ya hau mumbari ya mayar da gawar ƙaninsa makamin yaƙi. Ya tuna wa mutane cewa ƙarfin ƙasarsu bai kai kashi ɗaya cikin 30 na na tarayya ba amma suna tsaye, ya ce hakan hujja ce ta cewa su ne masu gaskiya kuma su ne zaɓaɓɓu, ya nemi su juya baƙin cikinsu ya zama fushi, taron kuwa ya amsa masa da kirarin Zeon da hannuwa a sama. Babu ɗigon hawaye a muryarsa. A daidai lokacin ana nuna Char zaune a wata mashaya yana kallon jawabin a talabijin yana yi wa mamacin ba'a, ana kuma nuna matasan White Base, jirgin yaƙin tarayya, cikinsu har da jarumin labarin Amuro Ray mai shekara 15, suna saurare cikin ɗimuwa. Jawabi ɗaya, kunnuwa iri uku, kuma mai kallo da kansa yakan ji tsigar jikinsa ta tashi kafin ya tuna wane ne ke magana.

Zama na biyu da ba a mantawa shi ne wanda ya yi da mahaifinsa kusa da ƙarshen yaƙin. Degwin ya tambaye shi abin da zai yi da duniya idan ya ci nasara, Gihren ya amsa cikin sanyin murya cewa tun da yawan jama'a ya riga ya ragu, sai a bar shi haka, a bar waɗanda ya ɗauka su ne nagartaccen iri kawai. Tsohon ya tambaye shi ko ya san Hitler, ya kuma gaya masa cewa bai wuce jelar wannan mutumin ba. Gihren bai ji haushi ba, kusan ma yabo ya ɗauke ta. Ba da jimawa ba Degwin ya fita da jirginsa don ya gana da Janar Revil na tarayya su ƙulla sulhu a bayan idon ɗansa. Gihren yana da wani matsuguni da ya kwashe mazaunansa ya mayar da shi igwar haske mai suna Solar Ray, sai ya ba da umurnin a harba ta daidai inda mutanen biyu suke, ya ƙone mahaifinsa da Revil da wani babban kaso na jiragen tarayya a bugu ɗaya. Kafin wannan ma, lokacin da Dozle ya nemi ɗauki a sansanin Solomon, na'urar yaƙi guda ɗaya tak ya aika masa, a cikinta kuwa Dozle ya mutu.

Ƙarshensa ba na jarumi ba ne. A tsakiyar yaƙin ƙarshe a sansanin A Baoa Qu, yana zaune a ɗakin ba da umurni yana ganin nasara ta kusa, alhali cikin masu tuƙa masa sababbin mutum-mutumin yaƙi har da ɗalibai da aka kwaso ba su gama koyo ba, sai ƙanwarsa Kycilia ta tsaya a bayansa ta tambaye shi game da mahaifinsu. Ya ɗauka wasa take yi da ta ɗaga bindiga, ita kuwa ta harbe shi a ka. Ruɗanin da ya biyo baya na ɗan lokaci shi ne ya buɗe wa tarayya ƙofa. Amuro bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba, babu wani faɗan ƙarshe tsakanin jarumi da bos kamar yadda aka saba, kuma a ganina wannan gaskiya ce da Yamato ba ta da ita, domin sojan da ke mutuwa a fagen daga ba ya ganin fuskar wanda ya aiko shi.

Idan aka jera su biyun, bambancin farko shi ne yawan fitowa. Dessler yana nan kusan ko'ina a labarinsa, yana tsara tarko, yana aika janar-janar irin su Domel, yana yanke hukunci yana kuma yafewa idan ya ga amfani. Gihren kuwa fitowarsa ba ta da yawa, za a iya shafe kashi da dama ba a ga ƙeyarsa ba, domin Gundam labarin yaran da yaƙi ya rutsa da su ne da kuma takun saƙar Amuro da Char. Wanda yake son ya riƙa ganin bos a kai a kai zai ƙosa. Bambanci na biyu shi ne jama'a. A Yamato ta 1974 ba a cika ganin talakan Gamilas ba, fada ce da hafsoshi, don haka zaluncin Dessler ya fi kama da halin mutum ɗaya. A Gundam ana ganin taron da ke amsa kirari, ana ganin sojojin Zeon masu mutunci irin su Ramba Ral suna mutuwa saboda gidan da bai damu da su ba, ana ganin yadda koke na gaskiya ya faɗa hannun wanda ya iya sarrafa shi. Bambanci na uku kuwa na riga na taɓa shi: an yafe wa ɗaya, ba a yafe wa ɗayan ba.

Adalci ne a ce sabon zubin Yamato, mai ɗauke da lambar 2199, wanda ya fito tsakanin 2012 da 2013 shi ma da kashi 26, ya cike yawancin wannan giɓi. A cikinsa an nuna daular Gamilas da 'yan ƙasa masu daraja ta biyu daga duniyoyin da aka ci da yaƙi, da dakarun tsaron fada masu ƙone duniya guda don murƙushe tawaye, da hafsoshin da ke ƙulla wa juna makirci, har aka bayyana cewa mutanen duniyarmu ne suka fara buɗe wuta. Dessler na wannan zubin ya kai ga yunƙurin jefa wani makeken gini daga sama kan babban birninsa da mutanensa a ciki. Zanen kuma na zamani ne, ba zai gajiyar da idon wanda bai saba da tsofaffin katun ba.

Rudolf von Goldenbaum wani lamari ne daban, domin ya mutu ƙarnuka kafin labarin da yake ciki ya fara. Legend of the Galactic Heroes ya samo asali ne daga littattafai 10 na Yoshiki Tanaka da suka fito daga 1982 zuwa 1987, aka mayar da su anime mai kashi 110 tsakanin 1988 da 1997. Rudolf hafsan soja ne da ya yi suna wajen fatattakar 'yan fashin sararin samaniya a lokacin da jamhuriya ta ruɓe, ya tuɓe kaki ya shiga siyasa, jama'a suka zaɓe shi da murna, ya haɗa manyan muƙamai biyu a hannunsa, ya zama shugaba na har abada, daga bisani ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Ya rushe majalisa, ya kafa dokar kawar da naƙasassu da waɗanda ya kira masu raunin iri. Ana ganinsa ne a mutum-mutumi da darasin tarihi, amma inuwarsa tana kan kowa. Oberstein, wani hafsan daular wanda aka haifa da lalurar ido yake amfani da idanun na'ura, ya tsani gidan sarautar ne saboda ya san da a zamanin Rudolf aka haife shi da ba a bar shi da rai ba. Tambayar da shirin yake ta juyawa ita ce laifin wa ya fi yawa, azzalumin ko mutanen da suka gaji da ɗaukar nauyin kansu suka miƙa masa wuƙa da nama.

Ba a nan shirin ya tsaya ba. Ya kawo Reinhard von Lohengramm, matashin sojan daular mai hazaƙa da adalci wanda shi ma mulkin mutum ɗaya yake nema, ya ajiye shi gaban wata jamhuriya ta daban da 'yan siyasa suka lalata, wadda hafsanta Yang Wen-li yake karewa duk da ya san halinta. Akwai kuma juyin mulkin da wasu hafsoshi suka yi a jamhuriyar ƙarƙashin Dwight Greenhill da sunan ceto ƙasa, wanda ya kai ga kashe masu zanga-zanga a filin wasa. Duk wanda ya girma a Najeriya ko Nijar ya san sautin irin wannan sanarwa a rediyo, kuma zai yi mamakin yadda marubuci a Japan ya kama lafazinta. Matsalar ita ce tsada. Kashi 110 ya haura sa'a 40, yawancinsa zance ne da muhawara da jiragen da ke jere suna harbin juna daga nesa, ga sunaye masu yawan da sai an riƙa rubuta su a ƙasan allo. Sabon zubin da aka fara a 2018 ya fi sauri da kyan gani.

Wani zai tambayi ina aka bar King Bradley, shugaban mulkin soja na Fullmetal Alchemist: Brotherhood, mai kashi 64 daga 2009 zuwa 2010. A rashin imani ba wanda ya fi shi, shi ne ya ba da umurnin shafe mutanen Ishval, shi ne kuma wanda hannunsa ya riƙa rawa a wajen jana'izar wani hafsa, mutane suka zaci alhini ne, ashe kukan 'yar mamacin ne ya fusata shi. Na cire shi ne saboda labarinsa ya fi karkata ga siddabaru da almara fiye da kimiyya, kuma daga baya an gane cewa ƙera shi aka yi don ya yi wa wani aiki.

Ga wanda yake da damar kallon ɗaya kawai, Gihren nake ba da shawara, kuma ba lallai ne a bi kashi 43 ɗin ba, waɗanda za su ci kusan sa'a 17 da zane mai nuna shekarunsa. An taƙaita shirin a finafinai uku da suka fito a 1981 da 1982, jimillarsu kusan sa'a 7, na farkon yana rufewa ne da jawabin jana'izar Garma, na ukun kuwa yana ɗauke da zancen Hitler da harbin Solar Ray da mutuwarsa. Wanda ya gama su yake son ganin yadda gidan Zabi ya ƙwace mulki tun farko sai ya bi da Gundam: The Origin, kashi 6 da aka fitar daga 2015 zuwa 2018, inda Gihren ya fi fitowa kuma aka nuna yadda aka sa wa mazauna wani matsuguni iskar guba kafin a jefa shi ƙasa. Kada a fara da wannan duk da kyan zanensa, domin an gina shi ne a kan cewa mai kallo ya riga ya san su waye Char da Garma. Wanda ya fi son tafiya mai daɗi da bos mai kwarjini da zai riƙa gani kullum, Yamato 2199 ce tasa, cikin kusan sa'a 11. Rudolf da magadansa kuwa a ajiye su sai an samu dogon hutu da haƙurin karanta fassarar da ke gudu a ƙasan allo.